Ma'aunin Inna Balki

Ni na zaɓi Inna Balki, kuma sai da na yi faɗa kafin a karɓe ta. Ina faɗin wannan tun farko don kada wani ya ɗora wa tsohuwa laifin da ba nata ba. In akwai wauta a cikin abin da ya faru, tawa ce, ni Zuliha, da na shekara goma sha ɗaya ina aikin jinya, ina ganin na san ƙasar Maraɗi ciki da bai.

A shekarar nan wata ƙungiya ta ba da tallafi a horar da mata ashirin daga Tsibiri da Jiratawa, su riƙa shiga gida-gida suna gano yara masu tamowa tun cutar ba ta ci ƙarfinsu ba. Kayan aikin bai taka kara ya karya ba. Wani ɗan madauri ne na roba mai launi uku, ana zagaya shi a damtsen yaro. In ya tsaya a tsanwa, lafiya. In ya tsaya a ruwan ɗorawa, a sa ido. In ya tsaya a ja, a saɓi yaro a yi likita, wato ƙaramin asibiti, da shi ba jira. Za a yi formasiyo, wato horo, na kwana biyar a unguwar Zariya cikin garin Maraɗi, a bi da wata uku na gwaji, sannan jarrabawa. Wadda ta ci a ba ta kati da riga ta ci gaba da karatu da aiki, wadda ta faɗi ta koma gidanta.

Ina zaune a likitar Tsibiri ina rubuta sunayen masu so, wata tsohuwa ta zauna can gefe, ba ta shiga layi ba sai da kowa ya watse. Ta tuɓe takalmi a bakin ƙofa kamar mai shiga masallaci, ta gaishe ni gaisuwa mai tsawo, har na fara duba agogo. Doguwa ce, siririya, shekarunta za su kai sittin. Da na tambaye ta sana'arta sai ta ce ita ke wankan gawa a unguwarsu, na mata da na ƙananan yara, yau shekara ashirin da bakwai. Na ajiye biro na dube ta.

"Kullum a makare nake zuwa, Madam," in ji ta. "Sai an gama komai ake aiko mani. So nake a koya mani zuwa da wuri."

Wallahi maganar nan ta shige ni. Ban ƙara tambayarta komai ba, na rubuta sunanta.

Mushe Idirisa, shugaban porje, wato shirin ƙungiyar, shi ya fara tirjewa. Mutumin kirki ne, ba zan ci namansa ba, amma duk abin da ba ya cikin takarda to a wurinsa babu shi a duniya. Ya ce ta tsufa, ya ce ba ta taɓa shiga lakwal ta yi boko ba, ya ce gurbi ashirin ne kawai ga 'yan mata masu birbe, takardar gama ƙaramar sakandare, suna jira. Na ce launi uku ai ba ya neman birbe. Na ce mace ce da babu gidan da ba a girmama ta, ba ta ƙyanƙyami, ba ta tsoro, kuma ta ga damtsen yaran da tamowa ta kashe fiye da duk wanda ke zaune a buro ɗin nan, ofishinmu, har da shi. Na ƙara mashi da cewa da tsohuwar zuma ake magani. Ya daɗe yana goge tabarau, sannan ya sa hannu, ya ce in ta faɗi ni na faɗi, don na hana wata gurbi. Na ce na ji na ɗauka.

A formasiyo kuwa ba ta ba ni kunya ba. Kullum ita ce ta farko a ƙofar zauren, ta taso daga Tsibiri tun da sanyin safiya a bayan kabu-kabu, zane ya sha guga. Fensir dai ta riƙe shi kamar muciya, 'yan matan suna ta dariya, ita ma tana taya su. Amma da aka zo ga awo sai dariya ta ƙare. Hannunta ba ya rawa, ba ta matsewa, ba ta sassautawa, sau ɗaya take zagaya madaurin ya zauna daidai. Ta auna damtsena, ta auna na kowa a ajin, ta ce mani jiya da ta koma gida har taɓarya sai da ta auna. Ranar da nake koya masu duba kumburi, yadda ake danna babban yatsa a bayan ƙafar yaro a ƙirga uku a ɗaga, sai ta ce a hankali ai ta san ramin nan da ba ya komawa, ta sha ganinsa, ba ta dai san yana da suna ba. Na ce a tafi a sha ruwa.

Ranar ƙarshe ce aka shirya za mu kai su likita su gwada a kan yara na gaske. Ruwa ya tsuge tun asuba bai ɗauke ba sai bayan azahar, hanyoyin Zariya suka cika, mota ta ƙi shiga. Sai muka yi gwajin da 'yar tsana ta tsumma, na ce ai duk ɗaya ne. Aka raba wa kowa ma'auni da karne, ɗan littafi na yin alama, layi ɗaya yaro ɗaya, aka sallame su.

Bayan wata ɗaya aka tattaro karne-karnen. Wata ta auna yara arba'in, wata sittin, mafi lalaci a cikinsu tana da goma sha biyu. Mushe Idirisa ya shigo buro, ya ajiye karne ɗaya a kan teburina, ya fita. Na buɗe, fari fat, ko ɗigo babu. Na Inna Balki ne.

Raina ya ɓaci ba kaɗan ba. Na hau kabu-kabu ina ta saƙa maganar da zan gasa mata, tun daga Maraɗi har Tsibiri. Gero ya tasa a gonaki hagu da dama, ya kai ƙugu, amma rumbuna sun daɗe da yin fayau, lokacin da yara suka fi faɗuwa ke nan. Na same ta a ƙofar ɗakinta tana tsince yakuwa, ma'aunin yana rataye a wuyanta da zare kamar laya. Ban ko zauna ba na fara. Na ce na sayar da mutuncina saboda ita, na ce in ƙafa ke mata ciwo ta faɗa, in kuma rigar kawai take so to riga ba ta zuwa a banza. Ta bar ni har na gaji. Sannan ta ɗauki mayafi ta ce in biyo ta.

Gida na farko da muka yi sallama, aka amsa da fara'a. Aka shimfiɗa mata tabarma, aka kawo ruwa, matar gidan har ƙasa ta durƙusa tana gaishe ta. Sai dai kafin mu zauna na ga wata yarinya ta suri jariri ta yi ɗaki da shi, aka saki labule. Yaron da ke wasa a bakin murhu aka aike shi maƙwabta. Gida na biyu haka. A na uku na ji kukan yaro ƙarara a bayan ƙyaure, uwar tana kallon idona tana ce mani ai yaran duk sun tafi gona. Na buɗe baki zan zazzage mata, Inna Balki ta taɓa hannuna ta ce mu tafi.

A gindin wani bedi, itacen darbejiya, muka zauna. Ta tambaye ni, a gidanmu in an yi rasuwa, wa ke gaya wa masu haƙa tsawon ramin da za su haƙa. Na ce ban sani ba. Gaskiya ce, ban sani ba. A gidan mahaifina na Zariya na tashi, gidan Alhaji mai manyan motoci, in an yi mutuwa can ciki ake tura mu, sai dai mu ji an ce an tafi kai. Sai ta yi mani bayani. In mace ta rasu ko ƙaramin yaro, ita ke shiga. Kafin ta sa ruwa, sai ta zaro karan dawa daga darni, ta shimfiɗa shi a gefen mamaci daga kai zuwa ƙafa, ta karya daidai tsawon, ta miƙa wa maza a bakin zaure su tafi maƙabarta da shi. Duk macen da ke unguwar nan ta taɓa ganin ta tana wannan awon, wasu a kan uwayensu, da yawa a kan ɗiyan cikinsu.

"To ga ni yau na shigo da abin awo a hannu, na ce a miƙo mani yaro," ta ce. "In ke ce, Madam, za ki miƙo?"

Kunya ta rufe ni, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ni na tsaya gaban Mushe Idirisa ina alfahari da sana'arta, ban taɓa tambayar kaina ba me uwa za ta gani a hannun nan. Rashin sani ya fi dare duhu. Na ce me ya hana ta gaya mani tun farko. Ta ce ita ma ta yi zaton da ta ce daga likita aka aiko ta za su saki jiki, kuma da ta ga ba haka ba sai ta ji nauyin dawo mani da kayana.

Ba karnen ne ya fi damun ta ba, ashe. Akwai wata maƙwabciyarta Raihanatu, yarinya mai shekara ashirin da biyu, mijinta Gado ya tafi ci-rani Agadas. Bara da damina ɗanta na fari, Bilal, ya rasu, Inna Balki ce ta auna shi ta wanke shi. Yanzu tana goyon ƙanwarsa Mansura, wata goma sha huɗu, kuma tsohuwa ta ga yarinyar da ido ta san inda aka nufa. Sai ta riƙa zuwa gidan kullum, safe da yamma, tana roƙo a bar ta ta auna. Naci ya yi yawa. Kwana shida ke nan da Raihanatu ta goya ɗiyarta ta gudu gidan iyayenta a Jiratawa.

"Ni na kore ta," in ji Inna Balki. "Da tana nan, likita tana kusa."

Na ce gobe da safe za mu bi ta. Ta ce to, amma in ɗauko sabon ma'auni daga buro, wanda hannunta bai taɓa taɓawa ba, kuma ko ta roƙe ni kada in ba ta.

Washegari da hantsi muka isa Jiratawa. Aka ce mana Raihanatu tana garka, wato lambu, muka bi bakin magudanar ruwa, ƙafafunmu suna nutsewa a taɓo. Zogale ne layi-layi har inda ido ya ƙare, mata suna zaune a inuwa suna zage ganye cikin manyan kwanduna. Inna Balki ta nuna mani ita. Ban kalli uwar ba, goyon na kalla. Kan yarinyar ya langaɓe gefe guda, gashin ya yi ja ya yi laushi, ƙudaje suna bin gefen bakinta ba ta ko motsa ba. Ban buƙaci ma'auni ba don in san launin.

Na yi niyyar lallashi, Allah ya sani. Amma hali zanen dutse. Da Raihanatu ta hango wadda ke bayana ta miƙe zumbur ta ƙara tamke majanyi, sai bakina ya kuɓuce. Na ce wace irin uwa ce za ta zauna tana zagar zogale ɗiyarta tana ƙarewa a bayanta. Na ce in tsohuwa take tsoro to ni ta ba ni, ni ma'aikaciya ce. Na miƙa hannu zan kwance goyon, ta ja da baya har ta kusa faɗawa cikin ruwa. Ta ce ba ni ba ita, tare muka zo, kuma awo duk awo ne. Matan da ke wurin suka daina aiki suna kallon mu.

"Madam, ɗiyanki nawa?" Raihanatu ta tambaye ni, muryarta can ƙasa.

Na ce uku.

"An taɓa auna maki ko ɗaya?"

Duk ukun suna raye, suna lakwal.

Inna Balki ta ce mani in koma gefe in yi shiru, ta faɗe shi yadda ake faɗa wa yaro, kuma na bi. Ba ta matsa kusa ba. Daga inda take, kamar taku goma, ta zauna a ƙasa cikin danshin nan da zanenta mai guga, ta tura hannuwanta biyu ƙarƙashin cinyoyinta ta zauna a kansu.

"Raihanatu, ɗiyata, ban manta da Bilal ba," ta ce. "Ba karana ya kashe shi ba, ke ma kin sani, amma ba zan ce ki kalli hannuna ki ji daɗi ba. Ga su nan, na danne su, ba za su fito ba. Wancan awon nawa ne, a ƙarshe ake yin shi. Wannan na uwa ne. Ke za ki yi da hannunki, ni baki kawai zan sa."

Ta ce mani in ajiye sabon ma'aunin a kan kwandon zogale in dawo. Na ajiye. Muka zauna. Injin ban-ruwa yana ta ƙara can nesa. Ina jin mun yi rabin awa a haka. Wata dattijuwa cikin masu zagar ganyen ta ce wa Raihanatu a hankali ai roba ce kawai, kuma ba a taɓa jin uwa ta auna ɗanta don rami ba. Can sai Raihanatu ta tsuguna, ta kwance majanyi, ta juyo da yarinyar kan cinyarta. Ta ɗauki madaurin da yatsa biyu.

Daga nesa Inna Balki ta koya mata, kalma bayan kalma, yadda na koya a Zariya, har ta fi ni iya faɗa. Hannun hagu. Ki lanƙwasa shi. Nemo tsakiya, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu. To sake shi ya miƙe. Zagaya, ki zura bakin cikin ƙofar nan. Kada ki matse, ɗiyata, kamar kina ɗaura mata warwaro. Sau biyu madaurin yana suɓucewa, sau biyu tsohuwa tana cewa ba komai, sake. Ina kallon kafaɗunta suna motsi, hannuwan suna son fitowa, tana ƙara danne su.

Da madaurin ya zauna, Inna Balki ta tambaye ta wane launi ta gani. Raihanatu ta daɗe tana kallo, hawaye suna ɗiga kan robar. Ta ce ja.

"To alhamdu lillahi," in ji Inna Balki. "Ja na mai rai ne. Tashi mu tafi."

A ranar aka kwantar da Mansura a asibitin Maraɗi. An kira Gado a waya ya ce a yi duk abin da ya dace. Kwana uku na farko ban ba ta rai ba, ba zan ɓoye ba, ko madarar ba ta iya haɗiyewa sai ta hanci. Ran na huɗu ta buɗe ido ta yi kuka mai ƙarfi, ma'aikatan ɗakin suka yi murna. Kwana goma sha ɗaya suka yi aka sallame su da abincin nan na tamowa da mata ke kira biskit. Inna Balki ba ta taka ɗakin ba ko sau ɗaya. Ta ce in uwayen da ke kwance suka ji ko wace ce ita, hankalinsu zai tashi. Sai dai ta zo bakin ƙofar asibiti ta aika a kira ni, in gaya mata yadda yarinyar ta kwana, ta hau kabu-kabu ta koma.

Daga nan ta sami hanyarta. Ta ce in ƙaro mata ma'aunai, na yi ta rigima da mai tsaron kaya har ya ba ni kwali guda don ya huta da bakina. Ta daina rataya nata a wuya. In ta shiga gida sai ta zauna can bakin zaure, ta zauna a kan hannuwanta, wata maƙwabciya ta zaro sabon madauri daga kwalin ta ba uwa, ita kuma ta koyar da baki. Uwa ta auna, ta faɗi launi, madaurin ya zama nata ta ajiye. Karnen da yake fari fat ya cika har ta nemi na biyu. Yara tara ta gano a ja cikin wata biyu, takwas sun tashi. Na taran ita ta wanke shi, kuma washegari ta fito aiki.

Na ɗauka magana ta ƙare, ashe da saura. Ana sauran mako guda jarrabawa Mushe Idirisa ya kira ni, ya nuna mani takardar masu ba da tallafi. An rubuta cewa kowace ɗaliba sai ta auna yaro da hannunta a gaban mai jarrabawa, ya sake aunawa ya ga sun yi daidai. In ba haka ba babu kati. Na yi tsalle na dire. Na ce ya dubi karnenta, na ce wace ce a cikin sauran ta koya wa uwaye saba'in awo. Ya ce ya gani, kuma shi kansa ya rubuta masu yana neman a sassauta, amsa ba ta zo ba, ba kuwa zai sa hannu a kan abin da bai gani da idonsa ba. Na kira shi da sunayen da daga baya na ba shi haƙuri a kansu.

Ranar jarrabawar 'yan Tsibiri, kaka ta yi, ana ta shigo da dammunan gero a amalanke. A barandar likita aka yi. Mata sun fi talatin da goyonsu, da yawa cikinsu ɗaliban Inna Balki ne, saboda ita ma suka zo. 'Yan matan suka yi nasu ɗaya bayan ɗaya, kowace ta kira yaro aka miƙo mata, Mushe Idirisa yana sake aunawa yana rubutu. Sunanta ne na ƙarshe. Da aka kira, ta taso ta zauna a kan tabarmar tsakiya, ta fito da ma'auninta na farko, ta ajiye a gabanta.

Mushe Idirisa ya ce wace ce za ta kawo ɗanta. Ba wadda ta motsa. Ya sake faɗa. Wannan ta sunkuyar da kai, waccan ta shiga gyara ɗankwali, wata ta juya yaronta ta ba shi nono. Matan nan suna son ta, na rantse suna son ta, na ga wata tana share ido da bakin mayafi, amma hannunta yana kan ƙafar ɗanta ya riƙe gam. Na yunƙura zan yi magana, sai na tuna Jiratawa na koma na zauna. Da ina da jariri da na kawo nawa, amma autana shekararsa takwas.

Inna Balki ce ta katse shirun. Ta ce wa Mushe Idirisa kada ya takura masu, ba laifinsu ba ne. Ta ce abin da ta zo nema ta samu, ta koyi zuwa da wuri, a ba wata yarinya katin. Ta fara naɗe ma'aunin a yatsanta. Murmushi take yi, amma na san ta, ta so katin nan, ta so ta ci gaba da zuwa karatu Zariya kamar yadda yaro ke son sallah. Ni kam hawaye sun riga sun zubo mani, ban ko ɓoye ba. Mushe Idirisa ya cire murfin biro.

Daga can baya wata ta miƙe. Ban ma san Raihanatu ta zo ba. Ta ratso tsakanin mata tana tsallake ƙafafu, ba ta kalli kowa ba, ta zo gaban tabarma ta durƙusa. Ta kwance majanyi, ta sauko da Mansura, wadda kumatunta suka fara dawowa, gashin ya fara baƙi daga tushe. Ta ɗora yarinyar a kan cinyar tsohuwa ta janye hannuwanta.

"Auna ta, Inna."

Inna Balki ba ta taɓa yarinyar nan da nan ba. Ta dubi uwar, uwar ta gyaɗa kai. Sannan ta ɗago hannun hagun Mansura, ta lanƙwasa, ta nemo tsakiya, ta sake shi. Hannun da ba ya rawa a Zariya yau sai da ya zura bakin madaurin sau uku kafin ya shiga. Mansura ta kama ɗankunnenta ta ja, ba ta ko kula ba.

Mushe Idirisa ya tambaye ta launi. Ta ce ruwan ɗorawa, saura kaɗan ya kai tsanwa. Ya tsuguna da wandonsa mai tsada, ya sake aunawa, ya ce haka ne. Ya rubuta, ya sa hannu, ya ce ta ci, tana iya mayar wa uwar da ɗiyarta.

Ba ta ji shi ba. Tafin hannunta yana zagaye da ɗan damtsen nan, ɗaya hannun yana bayan yarinyar, ta sunkuya har goshinta ya kusa taɓa kanta. Na matsa na tsuguna kusa da ita, na ce Inna, an gama, kin ci. Ta ɗago ta dube ni, fuskarta jiƙe sharkaf. Tunda na san ta ba ta taɓa kiran sunana ba sai ranar.

"Zuliha," ta ce, "ɗumi gare ta."

Raihanatu ta gyara zama a gefen tabarmar, ba ta karɓi ɗiyarta ba tukuna.